Ra'ayinmu: Masta a fannin kasuwanci, a bincika kafin a zuba kuɗi

Duk shekara, da zarar damina ta fara ja da baya, lokacin komawa makarantu ya matso, sai allunan talla su cika bakin manyan hanyoyin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Saurayi cikin kwat, budurwa da hular kammala karatu, a ƙasa an rubuta MBA ko masta a fannin gudanarwa, harkar kuɗi, ko kasuwancin ƙasa da ƙasa. Tallan nan yana bin mutum har cikin wayarsa, a Facebook da WhatsApp, kuma alƙawarin kusan iri ɗaya ne: ka zo ka yi shekara biyu, ka fita ka zama darakta.

Matashin da ya gama lisans ya zauna gida shekara ɗaya ko biyu ba aiki, ba abin mamaki ba ne irin wannan talla ya shiga ransa. Sai dai kuɗin da za a biya ba daga aljihunsa yake fitowa ba. Uba ne zai sayar da fili ko shanu, uwa ta kwashe adashinta, ko kuwa yaya da ke fama a Abijan, Tamanrasset, Jidda ko New York ya riƙa turowa kowane wata. Idan takardar da aka samo ba ta buɗe ƙofar kowane ofis ba, gida guda ne ya yi asara.

Matsayin wannan jarida shi ne: karatun kasuwanci mai zurfi abu ne da Nijar take buƙata, kuma ba mu hana kowa nemansa ba. Amma zaɓen makaranta ciniki ne babba, wataƙila mafi girma da matashi zai yi kafin aure, don haka a yi shi da lissafi irin na ɗan kasuwa. Biyan miliyoyi saboda hoton da ke kan allo sayen kifi a ruwa ne.

MBA daban, masta daban

Abu na farko da ake rikitawa shi ne sunan takardar. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, lisans shekara 3 ce bayan bak, masta kuma shekara 2 bayan lisans. Ana iya shiga masta kai tsaye ba tare da an taɓa yin aiki ba, kuma tana ba mutum ƙwarewa a fanni ɗaya: lissafin kuɗi da binciken asusu, harkar banki, tallata haja, kula da ma'aikata, ko jigilar kaya.

MBA kuwa a Amurka aka faro ta, jami'ar Harvard ta buɗe tata a 1908. An gina ta ne domin wanda ya riga ya yi aiki na wasu shekaru, yana son hawa matakin shugabanci ko sauya fanni. A manyan makarantu irin su INSEAD da HEC Paris a Faransa, yawancin ɗaliban MBA sun yi shekara 5 ko 6 suna aiki kafin su shigo. Dalili a fili yake. Rabin darasin daga bakin abokan aji yake fitowa. Ana kawo labarin wani kamfani da ya shiga matsala, kowa ya faɗi yadda zai warware ta bisa abin da ya gani a wurin aikinsa. Ajin da babu ko mutum ɗaya da ya taɓa riƙe kasafin kuɗi ko ya sallami ma'aikaci, me za a tattauna a cikinsa?

Saboda haka duk makarantar da ta ce ka zo MBA wata guda bayan lisans, ba ta tambayi inda ka yi aiki ba, ba ta yi maka jarrabawa ko hira ba, rasit ɗin banki kawai take jira, to ka tsaya ka yi tunani. Makarantar da ba ta mayar da kowa, masu ɗaukar aiki ma sun san ta.

Izinin buɗewa ba shi ne amincewa da takarda ba

Abu na biyu shi ne wanda ya fi jefa mutane cikin nadama. Makaranta mai zaman kanta tana iya samun izinin buɗe ƙofa daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, amma wannan izini bai nuna cewa kowace takardar da take bayarwa an amince da ita a ko'ina ba. A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai hedkwata a Wagadugu. Ita ke tantance takardun digiri domin a karɓe su a sauran ƙasashe mambobi. Abin lura shi ne CAMES tana duba kowane fanni daban. Makaranta tana iya samun amincewa a lisans ɗinta ta lissafin kuɗi, alhali masta ɗinta ta tallata haja ba a ko kai ta gaban hukumar ba. Amma a allon talla za ka ga tambarin CAMES ɓaro-ɓaro kamar ya rufe komai. Kada ka tambayi ko makarantar tana da CAMES. Ka tambayi ko wannan masta da za ka biya tana cikin jerin da hukumar ta wallafa, kuma ka duba da idonka a shafinta na intanet.

Mai niyyar Faransa ma yana da tarkon da zai kiyaye. Kalmar MBA a can ba sunan takardar gwamnati ba ce, kowace makaranta tana iya maƙala ta a kan shirinta. Abin da gwamnati ta sani shi ne matsayin masta da take bai wa wasu shirye-shirye bayan hukumar CEFDG ta tantance su. Akwai kuma rajistar RNCP, wadda ta shafi ƙwarewar sana'a, ba ɗaya take da masta ta jami'a ba. Wasu makarantun kan rubuta Mastère maimakon Master, bambancin a rubutu ɗan kaɗan ne, amma a gaban hukuma babba ne.

A matakin duniya kuwa hukumomi uku ne aka fi sani: AACSB ta Amurka, EQUIS ta Turai, da AMBA ta Ingila. Makarantu kaɗan ne suka haɗa ukun, kuma a Afirka makarantar kasuwanci ta jami'ar Cape Town da ta jami'ar Amurka da ke Alƙahira suna cikinsu. Kowace hukuma tana da jerin sunayen makarantunta a intanet, kyauta. Minti goma na bincike ya isa ya tsirar da miliyoyi.

A yi lissafin a kan takarda

Sefa a ɗaure take da Yuro: Yuro 1 daidai yake da sefa 655.957. Kuɗin MBA a INSEAD ko HEC ya kai kusan Yuro 100,000, wato sama da miliyan 65 na sefa, ban da haya, abinci da tikitin jirgi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi sai ya yi kusan shekara 130 bai ci ko dala ba kafin ya tara kuɗin. Turawan da ke shiga waɗannan makarantu bashi suke ci daga banki, su biya da albashin Landan ko Paris. Wanda zai dawo ya karɓi albashin Yamai, wannan lissafi ba nasa ba ne, sai fa idan ya samu cikakken tallafi.

Jami'o'in gwamnati a Faransa sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake tun 2019 an ƙara wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba kuɗin rajista, masta ta koma Yuro 3,770 a shekara a lokacin. Sannan a 2025, kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da Yuro 615 na kowane wata, wato sama da jika 400. Wanda ya taɓa biyan haya a Lyon ko Lille ya san wannan kuɗi da ƙyar yake kai mutum ƙarshen wata.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a takardar makaranta: albashin da za ka bari. Ma'aikacin banki da ya ajiye aikinsa shekara biyu ya yi asarar albashin wata 24, da ƙarin girman da zai samu a wannan lokaci. Shi ya sa ga mai aiki a hannu, karatun yamma ko na ƙarshen mako sau da yawa ya fi dacewa, in dai takardar ingantacciya ce.

Ba dole sai an ƙetare teku ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'ar Djibo Hamani ta Tawa suna koyar da tattalin arziki da gudanarwa. A Dakar akwai CESAG, wadda ke ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO, kuma bankunan yankin UEMOA sun san takardarta. Maroko tana da ISCAE da makarantun ENCG, kuma hukumar AMCI tana ba ɗaliban Afirka tallafi. Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram mai ɗan Turanci, Kano ta fi Yamai kusa, kuma jami'ar Bayero tana da makarantar kasuwanci mai sunan Dangote, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da tata. A Legas akwai Lagos Business School, da aka kafa a 1991, wadda AACSB da AMBA suka amince da ita. Sai dai wanda ya karanto a Najeriya ya sani cewa idan aikin gwamnati yake nema a gida, sai ya bi matakin daidaita takardarsa, kuma dokokin lissafin kuɗi na can ba su ne na SYSCOHADA da kamfanoninmu ke bi ba.

Shiga ba a ranar ƙarshe ake shirya ta ba

Makarantar kirki tana da ƙofa mai wuyar shiga, kuma wannan wuyar ita ce darajarta. Yawancin manyan makarantun MBA suna neman sakamakon jarrabawar GMAT ko GRE. GMAT a sabon tsarinta awa 2 da minti 15 ce, kashi uku, makinta daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki shekara 5. Kuɗin zamanta ya kusa dalar Amurka 300, kuma da Turanci ake yin ta baki ɗaya. Makarantun Faransa da dama suna karɓar TAGE MAGE, wadda ake yi da Faransanci. Sai jarrabawar harshe, TOEFL ko IELTS, da sakamakonsu ke mutuwa bayan shekara 2.

A nan ne ɗalibanmu suka fi faɗuwa. Mun taso da Faransanci a makaranta, Turanci kuwa awa biyu ko uku a mako. Wanda ke son tallafin karatu na ƙasashen waje ko aiki da kamfanin China, Turkiyya ko Indiya, Turanci ne zai fara yi masa shinge. Shekara guda da aka kashe ana gyara Turanci kafin a nemi makaranta ba ɓata lokaci ba ce.

Bayan jarrabawa akwai wasiƙar bayyana manufa, da wasiƙun shaida daga waɗanda suka ga aikinka, da hira. Masu tantancewa sun karanta dubban wasiƙu masu cewa ina son ci gaban Afirka. Abin da ke tsayar da su shi ne labari mai lambobi: wace matsala ka tarar a wurin aiki, me ka yi, me ya canja. Budurwar da ta riƙe littafin shagon mahaifinta a babbar kasuwar Maraɗi, ta gano inda kuɗi ke zurarewa ta toshe, tana da abin faɗi fiye da mai takardu goma da bai taɓa yanke shawara a kan komai ba. Kuma wasiƙar shaida daga shugabanka na kai tsaye ta fi ta babban mutumin da bai san sunanka ba.

A kula da lokaci. Manyan makarantu suna karɓar takardu zagaye-zagaye, na farko tun wajen watan Satumba na shekarar da ta gabaci shiga, kuma kuɗin tallafi ya fi yawa a zagayen farko. Shirye-shiryen tallafi irin na Mastercard Foundation, na Bankin Musulunci na raya ƙasa, da na gwamnatin Turkiyya kowanne yana da ranar rufewa. Babu ɗayansu da ke buƙatar dillali. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka tallafin karatu ko biza, ka riƙe kuɗinka.

Sannan kada a manta da yanayin da ƙasar ke ciki. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun watan Janairun 2024, kuma neman bizar ƙasashen yamma ya ƙara wuya ga mai fasfon Nijar. Kafin ka biya kuɗin riƙe gurbi, ka samu amsa a rubuce: idan biza ba ta fito ba, za a mayar da kuɗin, ko a ɗaga maka zuwa baɗi?

Ina ɗaliban bara suke?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce ba a cika yi ba. Jaridar Financial Times, wadda jerin makarantunta ya shahara a duniya, tana bai wa albashin tsofaffin ɗalibai shekara 3 bayan kammalawa babban kaso a ma'auninta. Manyan makarantu duk shekara suna wallafa rahoton yawan waɗanda suka samu aiki cikin wata uku, da fannonin da suka shiga. A nan gida, makarantu nawa ne ke yin haka?

Tunda ba a wallafawa, sai mai nema ya yi binciken da kansa. Ka je makarantar ranar karatu, ba ranar buɗe ƙofa ga baƙi ba. Ka ga mutum nawa ne a aji. Ka tambayi malamai nawa ne na dindindin, nawa ne masu zuwa su yi awanni su wuce wata makarantar. Ka nemi tsofaffin ɗalibai biyar da kai ka zaɓo, ba waɗanda darakta ya haɗa ka da su ba, ka tambaye su: ina kuke aiki, wa ya samo muku wurin koyon aiki, wata nawa kuka jira kafin takardar ta fito? Idan an ce akwai haɗin gwiwa da wata jami'ar Kanada ko Faransa, ka rubuta wa waccan jami'ar ka tambaya. Amsar imel ɗaya ta isa.

Kuma a dubi kasuwar aikin da idon basira. Masu ɗaukar mai masta a fannin gudanarwa a Nijar ba su da yawa: bankuna, kamfanonin waya, kamfanonin aika kuɗi, inshora, kamfanonin gwamnati irin su NIGELEC da SONIDEP, harkar man fetur da ta haɗa da matatar SORAZ ta Damagaram da bututun da ke kai ɗanyen mai gaɓar tekun Benin, sai ofisoshin binciken asusu da ƙungiyoyin agaji. Ƙungiyoyin agajin nan, da suka daɗe suna zama mafakar masu takardu, sun rage ɗauka tun bayan da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025. A irin wannan ƙaramar kasuwa, mai ƙwarewa a abu ɗaya takamaimai ya fi mai takardar da ta taɓa komai sama-sama. Wanda ya iya SYSCOHADA da dokar haraji, ko ya bi hanyar DESCOGEF zuwa zama ƙwararren akanta a yankin UEMOA, ko ya san yadda ake fito da kaya daga tashar Lome ta Burkina Faso tun da aka rufe iyakar Benin, ba zai daɗe yana yawo da ambulan ba.

Abin da masu suka ke faɗi

Wasu za su ce alhazan Maraɗi sun gina dukiyar da ta ratsa iyakoki ba tare da sun taka ajin kasuwanci ba, to ina amfanin wannan karatu? Maganarsu tana da gaskiya a ciki. Sanin mutane, riƙon amana da iya karanta kasuwa ba a koyar da su a allo. Amma kowa a garuruwanmu ya san gidan kasuwancin da ya rushe shekara kaɗan bayan rasuwar mai shi, saboda lissafin duka yana cikin kansa, ba littafi, ba rabuwa tsakanin aljihun gida da na shago, ba tsarin da magada za su bi. Albasar Galmi, wake, riɗi, aya da dabbobinmu har yanzu yawanci ɗanye suke fita, ribar sarrafawa ta tafi wata ƙasa. Wurin da mai ilimin gudanarwa zai yi amfani ke nan, in ya yarda ya sauko daga mafarkin ofis mai sanyi ya zauna da mai kaya.

Wasu kuma za su ce a ƙasar nan wa ka sani ne ke ba da aiki, takarda ado ce. Wannan ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma hujja ce ta a ƙara tsananta zaɓe. Idan hanya ce ke ba da aiki, to makarantar da tsofaffin ɗalibanta suke cikin bankuna da kamfanoni ita kanta hanya ce ga ɗan talakan da ba shi da kawu a sama. Wadda ba ta da kowa a ko'ina, takarda kawai za ta ba ka.

Kiranmu

Ga ma'aikatar ilimi mai zurfi: a wallafa duk shekara, kafin lokacin rajista, jerin makarantu masu izini da kuma fannonin da aka amince da su ɗaya bayan ɗaya, a intanet da gidajen rediyo, da Faransanci da harsunan ƙasa, domin uban da zai biya ya ji da kunnensa. Makarantar da ta yi talla da tambarin da ba ta mallaka ba a hukunta ta a fili.

Ga makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu: ku faɗi adadin waɗanda suka shiga, waɗanda suka gama, da waɗanda suka samu aiki cikin shekara guda. Makarantar da ke koyar da binciken asusu ba ta da uzurin ɓoye nata lissafin. Wadda ta fara yin haka ita za ta ci kasuwa.

Ga bankuna da kamfanoni: ku daina rubuta masta a kowane tallan aiki, har wanda mai lisans zai iya yi. Wannan ɗabi'a ce ke tura matasa sayen takarda ko ta halin ƙaƙa.

Ga ƴan uwanmu mazauna waje, masu turo kuɗin makaranta: kuna da haƙƙin tambaya. Kafin ku turo kashin farko, ku ce a aiko muku da cikakken sunan takardar, ku duba ta da kanku, tunda intanet ya fi sauƙi a wurinku. Ba rashin yarda da ƙani ba ne, kare gumin ku ne da makomarsa.

Kai kuma matashi, ke kuma matashiya, kafin ku cike takardar rajista ku rubuta amsar tambayoyi uku: wane aiki nake so bayan wannan karatu, wa ke ɗaukar masu wannan takarda, kuma shekara nawa zan yi kafin in mayar da kuɗin da aka kashe mini? Idan amsar ba ta fito ba, a dakata shekara guda, a nemi aiki ko da ƙarami ne, a gyara Turanci, a tara abin da za a faɗa a hira. Makarantun suna nan baɗi. Filin da aka sayar kuwa ba ya dawowa.